Karas Mai Ƙafa Biyu

A Rurum Sabon Gari akwai wani mai lambu da ake kira Malam Haliru. Mutum ne da idan ya fita da sassafe zai ba albasa ruwa, sai ya tsaya a hanya yana kallon yadda tururuwa ke jan fiffiken fara, har rana ta ɗago. Aljihunsa ba ya rabuwa da wani abin mamaki, ko dutse mai huda a tsakiya, ko gyaɗa mai 'ya'ya biyar. Matarsa Suwaiba, 'yar Nariya ta ƙasar Kibiya, ta saba zazzage aljihun kafin wanki, ta jera tarkacen a kan taga ba tare da ta tambaye shi ba. Shekararsu ashirin da biyu tare. Kowannensu ya taɓa aure kafin su haɗu, 'ya'yansu kuma sun kama gabansu, gidan ya rage daga shi sai ita sai kaji.

A shekarar da aka fara yi wa 'yan mata allurar rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa, bayan an gama yankan dawa, ma'aikatan lafiya suka zo suna yi wa manyan mata gwaji. Suwaiba ba mai son asibiti ba ce, amma ta je, saboda yayarta Jumai. Jumai ta yi shekara biyu tana zubar da jini a Nariya tana ɓoyewa, ranar da aka kai ta birni aka ce an makara. Suwaiba ce ta yi jinyarta har ta cika.

Bayan sati uku aka aiko ta je asibiti a Rano, ta zo da maigidanta. Haliru ya goya ta a babur, suka bi ta gindin duwatsu.

Nas ɗin da ta karɓe su sunanta Malama Fatima Zahra'u, mace mai magana a hankali kamar tana tsince wake. Ta ce an sami wata ƙwayar cuta a jikin Suwaiba da ake kira HPV. Ta ce ba daji ba ne, ta kuma duba bakin mahaifar, lafiya lau yake. Ƙwayar ta zama ruwan dare, ana ɗaukarta ta wajen kwanciyar aure, tana iya yin shekaru a ɓoye, don haka kada wani ya zargi wani. Ba a ɗaukarta ta kwano ko moɗa. Yawancin mutane jikinsu ne ke korar ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Amma idan ta ƙi fita, ita ce ke iya rikiɗa bakin mahaifa a hankali, shi ya sa ake son a riƙa dubawa, don idan an ga canji da wuri ana magance shi.

Haliru ya tambayi maganin da zai saya. Ta ce babu maganin da ke kashe ta, kada ya bari masu lasifika a kasuwa su ruɗe shi.

"Abin da za ku yi shi ne ku taimaki jikin," in ji ta. "Ta ci abinci mai kyau, ganye da wake da ƙwai da 'ya'yan itace. Ta sami barci. A raba ta da hayaƙin taba. Ban ce wannan tabbas ne ba, amma shi ne abin da ke hannunku. Baɗi war haka ku dawo a sake gwaji. In ta ga jini ba lokacinsa ba, kada ku jira baɗi."

Haliru ya ce shi ya bar taba tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. A ransa kuwa ya riga ya tafi lambu. Ya san fangalin albasa idan ganyensa ya fara rawaya ba tumɓuke shi ake yi ba, taki ake ƙara masa, a ba shi ruwa a kan kari, a bar ƙasa ta yi aikinta.

A hanyar komawa Suwaiba ta roƙe shi abu ɗaya, kada kowa ya ji, ko 'yarsu Jannatu da ke aure a Dawaki. Ya yi mata alkawari.

Wani abin mamaki da Haliru bai taɓa lura da shi ba, duk da son abin mamakinsa, shi ne shekara talatin yana noman tumatir da karas da kabeji, motoci na zuwa suna kwashewa zuwa birni, gidansa kuwa miyar kuka ce yau, busasshiyar kuɓewa gobe. A wannan rani ya zaɓi fangalin da ya fi kowanne kyan ƙasa, na kusa da bakin ruwa, ya ce wannan ba na dillalai ba ne. Ya shuka karas da alayyafo da kabeji, ya kewaye shi da zogale. Ya daina sayar da ƙwan kajinsa. Kullum da hantsi zai shigo da ɗan kwando, ya ajiye a ƙofar madafa, ya ce, "Ga naki." Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malam." Da yamma in ya tambaya ko ta ci, sai ta ce alhamdu lillahi.

Ba shi da yadda zai gani da idonsa, don a unguwarsu namiji ba ya cin abinci a cikin gida. Ciyayya ake yi. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar zauren Gwadabe tela, a buɗe kwanuka ɗaya bayan ɗaya, a ci tare. Su huɗu ne, Haliru da Gwadabe da Lado da Zailani, tun suna samari. Wanda ya daina fito da kwanonsa, ko dai rowa ta kama shi, ko yana gaba da wani.

Wata biyu aka yi a haka. Haliru yana ta duban fuskar matarsa yana neman canji, bai ga komai ba sai ƙashin wuyanta da ke ƙara fitowa.

Ran wata Talata ya tono wani karas da ya sa shi zama a kan kunyar fangali yana dariya shi kaɗai. Karas idan ya ci karo da tsakuwa a ƙasa yakan rabu biyu, wannan kowane mai lambu ya sani. Amma wannan ya rabu ƙafa biyu sosai, ɗaya ta hau kan ɗaya kamar alhajin da ya harɗe a kujera, ga ɗan ƙullutu a tsakiya kamar cibiya. Bai sa shi a aljihu ba. Ya wanke shi, ya ɗora a saman kwandon, ya kai wa Suwaiba don ta yi dariya. Ta yi murmushi, ta ce za ta ci shi da azahar.

Ran Juma'a, an zauna ciyayya, ba a ko buɗe kwano ba, Gwadabe ya sa hannu a aljihu ya ce yau zai nuna wa Malam Haliru abin da ya fi duk duwatsunsa. Ya fito da karas ɗin. Ya ɗan yi yaushi, amma yana nan a harɗe da cibiyarsa.

"A ina ka samo shi?" in ji Haliru.

Gwadabe ya ce matarsa Saude ce ta ba shi. Zailani ya leƙo ya ce ai ya gan shi jiya a ɗakin tsohuwarsa, ta ce ba ta da haƙoran cinsa, ashe gidan Gwadabe ta aika da shi. Lado ya ce to daga gidansa ya je wurin tsohuwa, don shekaranjiya ya gan shi a faifan iyalinsa. Suka yi ta dariyar karas mai ƙafa da ya zaga unguwa da ƙafarsa. Ba wanda ya tambayi inda ya fara tasowa.

Aka buɗe kwanuka. Na Lado kwaɗon zogale ne, ɗanye shar, irin wanda ba a samu a wannan wata sai a bakin ruwa. Na Zailani shinkafa da wake an yanka kabeji a kai. A na Gwadabe akwai dafaffen ƙwai uku, ƙanana masu tsini, irin na baƙar kazar Haliru. Haliru ya tuna wata biyu ke nan yana yabon girkin matan abokansa, yana cewa bana unguwa ta yi albarka. Ashe abincin matarsa yake ci a kwanukan mutane. Ya yi loma biyu ya wanke hannu.

Washegari bai je lambu ba. Ya zauna a kan turmi yana kallon Suwaiba tana shara, har ta tsargu ta tambaya ko lafiya. Ya ce mata jiya ya gamu da alhaji mai cibiya a aljihun Gwadabe.

Ta jingine tsintsiyar. Ta ce to yaya za ta yi? Abu mai kyau ya shigo gida, ƙanshinsa ya tsallake katanga, ta zauna ta cinye ita kaɗai? Ba haka aka tarbiyyantar da ita ba. Ranar da matar Lado ta sami kan rago, har nan aka kawo mata nata. Takan ce bari ta ɗan taɓa wa wannan, ta ɗan taɓa wa waccan, kafin ta waiga kwandon ya ƙare, sai ta ci ƙanzon tukunya ta sha ruwa.

Haliru ya ce ya ji wannan, amma ba shi ke nan ba. Sai ta ce:

"Yaya Jumai ma an ba ta hanta da ƙwai a ƙarshe, Malam. Ni na riƙa ba ta a baki. In na ɗauki ƙwan nan sai in ga kamar na fara bin hanyarta. Gara masu sauran kwana su ci."

"Jumai ba a duba ta ba sai da aka makara," in ji shi. "Ke an duba ki, an ce lafiya lau, a kunnena. Daga yau kwanona ba zai fita ba. Tare za mu ci."

Suwaiba ta riƙe haɓa. A shekara ashirin da biyu bai taɓa ganin ta zauna ta ci abinci ba, sai dai ta ɗanɗana gishiri. Ta ce kunya ba za ta bar ta ba. Ta ce mutane za su ce ta mallake shi. Ta ce kada ta shafa masa ciwo a kwano. Ya tuna mata abin da nas ta faɗa a kan kwano da moɗa, sauran biyun kuwa ya ce nasa ne, ta bar masa.

Da ya dawo daga masallaci ran nan, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta zauna a can gefe ta juya masa rabin baya. Ya ce ba zai kai loma baki ba sai ta kai, in ta yi ɗaya ya yi ɗaya, in ta tsaya ya tsaya, shi kuma tun safe bai ci komai ba. Tuwo ya huce kafin ta miƙa hannu. Ta ci loma bakwai, shi ma bakwai, ya tashi da yunwa. Kwana uku yana tashi da yunwa, a na huɗu ta ji tausayinsa ta ƙara.

A nan Haliru ya ga abubuwan da suka fi dutse mai huda. Ashe matarsa tana hura kowace loma ko da ta yi sanyi. Ashe ba ta son yaji, shekara da shekaru tana zubawa ne saboda shi. In ta sami tsoka sai ta tura ta gefen kwano, ta bar ta har ƙarshe, sannan ta ɗaga kai tana neman wanda za ta ba. Shi kuma sai ya kalli sama yana ƙirga shirwa har ta gaji ta ci.

Ta kafa masa sharaɗi ɗaya, ba za ta ci abin da ba a fitar wa maƙwabta ba. Sai ya ware fangali na biyu, ya riƙa shigowa da kwando biyu, ɗaya na tsallake katanga, ɗaya na tabarma. Ya hana ta dakan asuba, ya riƙa kai hatsi inji a bayan babur. Ya fasa bangon madafa ya yi taga don hayaƙin murhu ya sami hanya. Bayan azahar yakan sa ta kwanta, in wata ta yi sallama ya ce ta dawo da la'asar.

A waje kuwa magana ta yi yawa. Da farko tsokana ce. In ya wuce, Lado ya ce a gaida ango, Zailani ya ce mijin-ta-ce ya fito shan iska. Haliru ya yi dariya ya wuce. Da aka shiga wata na biyu tsokanar ta ƙare, gaisuwa ta koma ta fatar baki. Wata safiya Gwadabe ya bar kekensa na ɗinki ya zo gidan Haliru ya same shi a zaure.

"Malam Haliru, shekara talatin muna sa hannu a kwano ɗaya. In laifi muka yi, faɗa mana. In kuma miyarku ce ta fi ƙarfinmu, shi ma faɗa mana."

Haliru ya ce ba ko ɗaya. Gwadabe ya ce to mene ne? Haliru ya buɗe baki, ya tuna alkawari, ya rufe. Ya ce akwai dalili, amma ba nasa ba ne da zai faɗa. Gwadabe ya kaɗe rigarsa ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita.

Suwaiba tana bayan katangar zaure tana shanya, ta ji komai. Da la'asar ta yafa mayafi ta shiga gidan Gwadabe, ta daɗe a ɗakin Saude. Da ta dawo idonta ya yi ja, amma tafiyarta ta yi sauƙi kamar wadda ta sauke tulu. Ta ce ta faɗa, da bakinta, yadda nas ta faɗa, ba ƙari ba ragi.

Washegari kwano ya tsallako katanga daga gidan Gwadabe, faten wake ne da alayyafo, da saƙon cewa Saude ta ce a dawo da shi wayam, kuma za ta tambayi Malam wanda ya cinye. Kwana ɗaya bayan haka matar Lado ta aiko da gwanda. Tsohuwar Zailani ta tsayar da Bafulatanar da ke kawo nono ta ce kullum a fara da gidan Haliru. Kyautar da Suwaiba ke aikawa ba a daina karɓa ba, don an san mayar mata da ita zai fi ciwon zafi, sai dai abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita. Gwadabe bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya dai tare Haliru a hanyar masallaci ya sa masa wani maɓalli mai ido uku a hannu, ya ce ya tsince shi a cikin tsumma, ya san zai so. Kafin damina ta faɗi, Saude da matar Lado sun hau mota sun je Rano an yi musu nasu gwajin.

Ba kullum ne abin ya tafi daidai ba. Akwai ranakun da Suwaiba za ta tashi da tunanin Jumai, ta ce ba ta jin cin komai, Haliru ya zauna da kwano a gaba har ya yi sanyi. Da azumi ya zo ya sa ido a kan sahur da buɗa-baki. Da damina, lambu ya tashi, suka koma ga rama da tafasa da ƙwan zabi. A hankali wuyanta ya cike. Wata rana ya ji ta tana waƙa a madafa, ya tsaya a zaure bai shiga ba don kada ta daina.

Da aka sake yankan dawa suka koma asibiti. Aka ɗauki gwaji, aka ce su dawo bayan sati uku. A cikin satin nan uku Haliru bai tsinci ko dutse ɗaya ba, tururuwa ma ya riƙa tsallake su. Ya riƙa tambayar kansa, in aka ce ƙwayar tana nan fa? Ya ba kansa amsa cewa sai a sake shuka fangalin, a sake dawowa, tunda an ce ko ta fara ɓarna ana iya tare ta.

Malama Fatima Zahra'u ta buɗe takarda, ta duba, ta dubi Suwaiba.

"Ba a gan ta ba," in ji ta. "Jikinki ya kore ta."

Suwaiba ta rufe fuska da mayafi. Haliru ya yi hamdala, sannan ya tambaya ko karas ne ya yi aikin ko zogale, don ya san wanda zai ƙara shukawa. Nas ta yi dariya ta ce ba ta da na'urar da za ta gaya mata wannan, wataƙila ma da jikin zai kore ta ko ba su, amma matar da ke gabanta ba ita ce ta bara ba, kada su fasa abin da suke yi. Ta rubuta musu lokacin da za su sake zuwa, ta ce kada jin daɗi ya sa su manta.

Da magariba Suwaiba ta zuba tuwo a tsohon kwanonsa mai murfi, ta miƙa masa, ta ce abokansa sun yi haƙuri kusan shekara guda, ya je. Ya karɓa yana jinjinawa. A ƙofar zauren Gwadabe aka matsa masa wuri kamar jiya ya tashi. Lado ya ce ango ya gama kwanakinsa. Aka buɗe kwanonsa aka ga miyar alayyafo, Zailani ya ce yau dai a kwanon mai ita za a ci ta.

Haliru ya ci, ya yi dariya, amma hankalinsa na gida. Yana tunanin za ta rufe nata ta ajiye, ko ta miƙa shi ta katanga. Kafin a buɗe kwano na uku ya wanke hannu ya ce yana zuwa. Gwadabe ya ce a gaida amarya.

Ya shiga a hankali ya tsaya a bakin zaure. Suwaiba na zaune a tsakiyar tabarma ita kaɗai, ta miƙe ƙafa, kwano a cinyarta. Ta ɓare ƙwai, ta hura shi ko da yake ya daɗe da hucewa, ta sa a baki. Ta ɗago ta gan shi, ba ta rufe bakin ba, ba ta kuma juya baya ba. Ta ɗan matsa gefe ta bar masa wuri, ta ci gaba da ci.